Wuta ba ta bin tiyo ta shiga tukunyar gaz

Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, gaz yake ta kutsawa garuruwan jihar Maraɗi. Daga Gidan Rumji har Agye da Gazawa, masu shayi da masu abinci na bakin hanya sun fara sabawa da shi. Jita-jita kuma ta biyo sawunsa.

Wadda ta fi yawo ita ce wai wuta kan bi tiyo ta koma cikin tukunya ta fasa ta. Ba haka ba ne. Wuta ba ta ci sai da iska, cikin tukunya kuwa gaz ne zalla yake turowa waje. Mai kisa shi ne gaz ɗin da ke zuba bayan wuta ta mutu. Masu cewa yana kwanciya a ƙasa sun yi gaskiya, domin ya ninka iska nauyi kusan sau biyu. In ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, ƙyasta ashana ɗaya ta isa.

Saboda wannan aka ƙera abin da ke gadin wuta. Leƙa cikin tandar gaz ta zamani, za ka ga ɗan tsinken ƙarfe, bai kai yatsa ba, harshen wuta na lasar kansa. Ƙarfe iri biyu aka haɗa a cikinsa. In sun ji zafi sukan ba da 'yar lantarki da ke sa maganaɗisu ya riƙe bawul a buɗe. Shi ya sa ake danne makunni na 'yan daƙiƙoƙi bayan an kunna. Da iskar hunturu ta hure wutar sai tsinken ya huce, bawul ya rufe, yawanci kafin minti ɗaya. A manyan masana'antu na'urar kan hango hasken wutar ne, ta datse gaz cikin daƙiƙa kaɗan, kuma ba ta yarda a sake kunnawa sai fanka ta kore wanda ya taru.

Wai kowane risho yana da wannan? A'a. Kan da ake ɗaurawa kai tsaye bisa tukunya mai kilo 6 galibi ba shi da shi. Idonki ne mai gadinsa, uwargida.

Jita-jitar da ta fi tayar mini da hankali ita ce wai tsinken yana rage ƙarfin wuta, har wasu masu gyara kan ɗaure makunnin da waya. Ba ya rage komai. In tanda na yawan mutuwa, baƙin hayaƙi ne ya rufe tsinken, ko ya goce daga wutar, ko ya tsufa. A goge shi, a gyara masa zama, ko a sauya shi.

Ba na son tsoro ya mayar da mutane kan itatuwan da manoman ƙauyen Ɗan Saga suka sha wahalar rainonsu da sassaben zamani. In kun ji warin gaz, ku rufe tukunya, ku buɗe ƙofa da taga, kada ku taɓa makunnin lantarki. Wurin yoyo kuma da ruwan sabulu ake nemansa, ba da ashana ba.