Ginin Jimlar Ingilishi da Matsalolin Ɗalibai a Kafanchan da Kudancin Jihar Kaduna

1.0 Gabatarwa

Wannan sashe na rahoton zai yi bayani ne a kan yadda kalmomi ke jeruwa a jimlar Ingilishi, da wuraren da ɗaliban Kafanchan da kewayenta suka fi yin tuntuɓe. Manufar ita ce a nuna cewa yawancin kurakuran nan suna da tsari da asali, kuma malamin da ya gane asalinsu ya fi saurin magance su. Lamarin yana da nauyi, domin sai ɗalibi ya sami sakamako mai kyau a Ingilishi a jarrabawar WAEC ko NECO kafin ya sami gurbi a jami'a.

2.0 Yanayin Harsuna a Yankin

Kudancin Kaduna gida ne na harsuna masu yawa, kamar Tyap da Jju da Hyam da Gworok da Ninzo. Waɗannan duk 'yan dangin Binuwai-Kwango ne, alhali Hausa 'yar dangin Cadi ce, saboda haka nahawunsu ya sha bamban. Hausa ta yaɗu a yankin ta hanyar fatauci da sarautun Zazzau da Jama'a, sannan 'yan mishan suka ƙara mata ƙarfi, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Bayan haka, tun da Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a shekarun 1920, ma'aikata daga kudancin Nijeriya suka shigo da Ingilishin Buroka.

Sakamakon haka, yaro da yawa yakan shiga aji da harshen gida, da Hausar kasuwa da wasa, wani lokaci har da Buroka. Ingilishin makaranta shi ne harshensa na uku ko na huɗu. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyarwa da harshen uwa ko harshen da ya mamaye yankin, wanda a garuruwa irin Kafanchan sau da yawa Hausa ce. Ke nan ta kan Hausa ɗalibi yakan taka ya shiga Ingilishi.

3.0 Inda Harsunan Suka Dace

Hausa da Ingilishi sun yi tarayya a ginshiƙin jimla: aikau, sai aikatau, sai karɓau. "Yara sun ci tuwo" da "The children ate food" jeri ɗaya suke bi. Wannan dacewa takan sa ɗalibi ya zaci ko'ina haka abin yake, sai ya riƙa musanya kalma da kalma. Daga nan matsalolin suke faruwa.

4.0 Inda Suka Saɓa

4.1 Lamirin suna. A Hausa, ko da an ambaci suna, dole lamiri ya biyo baya kafin aikatau: "Audu ya tafi." Ingilishi ba ya yarda da wannan maimaici, amma ɗalibi yakan rubuta "My father he went" maimakon "My father went." Haka kuma "yaron da na ba shi kuɗi" takan haifar da "the boy that I gave him money," inda "him" ta zama ƙari.

4.2 Jinsi. Daidaitacciyar Hausa tana bambanta "shi" da "ita", har a kan abubuwa marasa rai. Harsuna irin Tyap da Jju kuwa suna rarraba sunaye ne aji-aji, kuma wakilin suna ɗaya ke tsayawa wa namiji da mace. Ban da haka, Hausar da ake yi a yankin sau da yawa takan zubar da jinsin mace, a ce "mata ya zo." Don haka ɗalibin Zonkwa ko Kagoro yana iya rikita "he" da "she" fiye da takwaransa na Kano ko Katsina. Shi kuma wanda Hausa ce harshensa na farko yakan kira mota ko makaranta "she" maimakon "it".

4.3 Mafayyaci. Hausa tana fayyace suna da ɗafi a ƙarshe: "gidan", "motar". Ingilishi yana sa "the" a gaban suna, kuma yana tilasta "a" ko "an" a gaban tilon sunan da ake iya ƙirgawa. Da yake "Shi malami ne" ba ta buƙatar irin wannan kalma, sai a sami "He is teacher." Akwai kuma sunayen da Ingilishi ba ya yi musu jam'i, kamar "advice" da "furniture", alhali Hausa tana da "shawarwari" da "kayayyaki".

4.4 Lokutan aikatau. Hausa tana nuna lokaci ne a jikin lamiri: ya tafi, yana tafiya, zai tafi, yakan tafi. Ingilishi kuwa yana sauya ƙirar aikatau kansa: go, goes, went, gone. Shi ya sa ɗalibai ke barin aikatau yadda yake, su rubuta "Yesterday he go." Buroka tana ƙarfafa wannan, domin ita ma ba ta sauya aikatau. Har ila yau, saboda "ina da littafi" ta yi kama da lokaci mai ci, sai a ji "I am having a book" a gurbin "I have a book."

4.5 Korewa da tambaya. Hausa tana kore jimla da "ba … ba", tana tambaya da "shin" ko "ko" ko sauyin murya, ba tare da taɓa jerin kalmomi ba. Ingilishi yana buƙatar mataimakin aikatau "do", yana kuma juya jeri: "Where did he go?" Ɗalibi kuwa yakan ce "Where he went?" Mafi haɗari shi ne amsar korarriyar tambaya. Idan aka ce "Ba ka zo ba?" Bahaushe yakan amsa "E," yana nufin bai zo ba, amma a Ingilishi amsar ita ce "No." Wannan kuskure yana juya ma'ana gaba ɗaya a asibiti ko a kotu.

4.6 Abokan tafiyar kalma. Aikatau "ji" ya ƙunshi sauraro da shaƙar ƙamshi da fahimta, shi ya sa ake samun "I hear the smell." Haka "sha magani" takan zama "drink medicine" ko da ƙwaya ce, kuma "ara mini" takan zama "borrow me" a inda "lend me" ta dace.

5.0 Shawarwari ga Masu Tsara Manhaja

Tun a 1957 Robert Lado ya nuna amfanin kwatanta harshen ɗalibi da wanda yake koyo, sannan a 1967 Pit Corder ya bayyana cewa kuskure alama ce ta matakin da mai koyo ya kai. Bisa wannan ake ba da shawarwari kamar haka:

a) A koyar da kalma tare da abokan tafiyarta a cikin jimla, a rage haddar kalmomi ɗaiɗaiku.

b) A sanya darasin kwatanta nahawun Hausa da na Ingilishi a horon malamai, musamman a Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna da ke Gidan Waya.

c) Malami ya san harshen gidan kowane ɗalibi tun farkon zango, ya ware kurakuran aji bisa asalinsu kafin ya shirya aikin gyara.

d) Littattafan da aka rubuta domin yaran da Hausa ce harshensu na farko a ƙara musu atisaye kan jinsi kafin a yi amfani da su a yankin.

6.0 Kammalawa

An ga cewa Hausa da Ingilishi sun dace a ginshiƙin jimla, sun kuma saɓa a lamiri da jinsi da mafayyaci da lokaci da korewa. An kuma ga cewa ɗalibin kudancin Kaduna yana ɗauke da tasirin harshen gida da Hausa da Buroka a lokaci guda. Manhajar da ta yi la'akari da wannan ita za ta ba malami damar gyara kuskure daga tushensa, kuma aikin da ya rage shi ne a tattara rubuce-rubucen ɗalibai daga makarantun yankin domin a tantance wace matsala ta fi yawa a kowane mataki.