Tabarau: Na Masunci da Na Matuƙin Jirgin Sama

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce fayyace dalilin da ya sa tabaran da ke yi wa masunci rana a Madatsar Ruwa ta Tiga kan zama haɗari ga matuƙin jirgin da ya taso daga Kano ya ratsa sararin dajin Falgore zuwa Jos.

Hasken rana yakan zo ne yana kaɗawa ta kowace fuska. Amma idan ya faɗa kan shimfiɗaɗɗen abu, kamar ruwa ko kwalta, galibin abin da ya dawo a kwance yake kaɗawa, wato ƙyallin nan mai kashe ido. A ƙarshen shekarun 1920 wani Ba'amurke, Edwin Land, ya ƙago siririn falle mai tare hasken da ke kwance, ya bar na tsaye ya wuce. Tabaran da aka sa wa wannan falle shi za mu kira mai tace ƙyalli. Da shi masunci kan hangi abin da ke ƙarƙashin ruwa. Ɗaya nau'in kuwa rage ƙarfin haske kawai yake yi, ba ya zaɓe.

To, ina aibin na farkon? Allunan na'urorin jiragen zamani, masu nuna tsayi da gudu da alƙibla, da yawansu tataccen haske suke fitarwa. Matuƙi ya ɗan karkata kai, sai allo ya dushe ko ya yi baƙi ƙirin, wataƙila a daidai lokacin sauka. Haka kuma gilashin gaban jirgi, da yake hawa-hawa aka haɗa shi, yakan fito da dabbare-dabbare masu launin bakan gizo. Mafi muni a ganina shi ne, ƙyallin da masunci ke gudu shi ne abokin matuƙi: sau da yawa walƙiyar rana a fiffiken wani jirgi ita ke fara sanar da shi cewa ba shi kaɗai ba ne a sama, balle a lokacin hunturu da hazo kan rage nisan gani.

Saboda haka hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka ba ta ba matuƙa shawarar sa mai tace ƙyalli ba. Ta fi son mai launin toka, wanda ba ya jirkita launukan fitilu, yana kuma barin kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na haske ya isa ido.