Lambar Da Ta Gagari Rumbun Sarki

A littafin tarihin manyan mutane da Malam Ibnu Hallikan ya fara rubutawa a 1256, akwai labarin wani mai hikima a ƙasar Hindu, sunansa Sissa, wanda ya ƙago wasan shaɗaranji, watau irin darar nan mai gida 64. Sarki ya ji daɗin wasan, ya ce ya faɗi tukwicinsa. Sissa ya ce a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gidan ƙarshe. Sarki ya raina roƙon. Da ma'aji ya zauna lissafi, sai ya ga ashe rumbunan ƙasar duka ba su isa ba.

Jimlar ƙwayar ita ce 18,446,744,073,709,551,615. Alƙalumanta ashirin ne cif. In mutum zai ƙirga ƙwaya ɗaya kowace daƙiƙa, dare da rana, sai ya shekara fiye da biliyan 584 bai gama ba.

Masana lissafi sun daɗe suna feɗe wannan lamba. Ba ta rabuwa biyu daidai. Tana rabuwa da 5 domin ta ƙare da 5, tana kuma rabuwa da 3 domin alƙalumanta in an tara su 87 ne, shi kuwa 87 uku yana raba shi. In aka ci gaba da farfasa ta, sai a tarar da lambobi bakwai waɗanda ba abin da ke raba su sai ɗaya ko su kansu: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417. Su ne aka ninka da juna suka haife ta.

Na biyar da na bakwai suna da nasu labari. Wani Bafaranshe, Fermat, ya zaci cewa 4,294,967,297 ba ta rabuwa. Aka zauna a kan haka kusan shekara ɗari, sai a 1732 Euler, mutumin Suwizalan, ya nuna 641 sau 6,700,417 ita ce wannan lamba. Ashe babban malami ma yakan yi tuntuɓe.

Har ila yau tana cikin dangin da ake kira lambobin Mersenne, watau a ninka biyu da kanta sau da yawa a cire ɗaya. Ita ce kuma iyakar abin da kwamfuta mai "bit" 64 take iya riƙewa a gurbi guda.

To, ina ruwan ɗan kasuwar Mile 12 ko Sabon Ibadan da wannan? Da ruwansa. Naira ɗaya in aka ninka ta sau 20 ta wuce miliyan, sau 30 ta wuce biliyan. Ba wata sana'a da ke haihuwa haka. Saboda haka duk wanda ya yi alkawarin ninka wa jama'a kuɗi, da kuɗin sababbin shiga yake biyan na farko, ran da suka ƙare kuwa sai asusu ya rufe. Haka MMM ta yi a Disamban 2016, bayan ta yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, dukiyar mutane da yawa ta salwanta.

Sarkin Hindu dai yana da ma'aji da ya farkar da shi. Wanda ya baro gida neman abin kai wa iyali, ya kamata ya yi nasa lissafin kafin ya kwance lalitarsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.