Daga Kyaftin Zuwa Koci: Me Ya Sa Suna Kaɗai Ba Ya Ci Wa Kano Kofi?

Tun a watan Yulin 2025, da gwamnatin Kano ta naɗa Ahmed Musa babban manajan Kano Pillars alhali yana cikin 'yan wasan ƙungiyar, hirar majalisun ƙwallo ta koma wuri guda: a miƙa wa 'ya'yan gida komai, har da kujerar koci. Daga Ƙofar Mata har teburan mai shayi a Dawakin Kudu da Kura, sai ka ji ana cewa ranar da kyaftin Rabi'u Ali Pele ya daina buga ƙwallo, a ba shi ƙungiyar kawai. Ina ƙaunar waɗannan bayin Allah kamar kowane ɗan Sai Masu Gida, kuma ƙaunar ce ta sa maganar take tayar mini da hankali. Yadda muke mayar da tsofaffin 'yan wasa masu horarwa cutar da su muke yi, muna cutar da ƙungiyar.

A duba tarihi. Sau huɗu Pillars ta ci gasar ƙasa: 2008, 2012, 2013 da 2014. Kadiri Ikhana ne ya kawo na farko, Baba Ganaru ya kawo biyu, Okey Emordi ya kawo na ƙarshe. Babu ɗayansu da ya yi tashe a rigar Pillars. Ikhana da Emordi kuwa kowannensu ya riga ya ɗaga kofin zakarun Afirka da Enyimba, a 2003 da 2004, kafin ya ci wa Pillars gasar. Gogewa aka saya, ita ce ta biya.

To me ya sa ake ta komawa ga suna? Ana cewa talauci ne, wai ɗan wasanmu yana yin ritaya ba gida ba jari, sai horarwa ce sana'ar da ta rage masa. Akwai gaskiya a ciki, amma wannan yana bayyana dalilin da ya sa tsohon ɗan wasa yake neman aikin ne kawai. Dalilin da ya sa ake ba shi daban ne, kuma a ganina shi ne tushen matsalar: ƙungiyoyinmu na gwamnati ne. Pillars, Katsina United, Wikki Tourists, El-Kanemi Warriors, duk daga baitulmalin jiha suke ci. Shugabannin da aka naɗa ta hanyar siyasa sun fi tsoron ihun 'yan kallo a filin Sani Abacha fiye da komai, domin ihun nan yana isa gidan gwamnati kafin gari ya waye. Da an yi rashin nasara sau biyu ko uku sai a dakatar da koci, a ɗauko wanda magoya baya suke jin nauyinsa a ce ya yi riƙon ƙwarya. Ba ya tsada, ba zai kafe sai an biya shi haƙƙin kwantiragi ba, kuma ba wanda zai jefi ɗan unguwarsu da robar ruwa a makon farko. Garkuwa aka mayar da shi. Idan ƙura ta lafa a mayar da shi mataimaki, idan ta ƙi lafawa a ɗora masa laifin.

Ko waɗanda suka yi karatun aikin ba su tsira ba. Usman Abdallah ɗan Kano ne, ya zauna a Faransa ya koyi horarwa, ya kai Enyimba wasan kusa da na ƙarshe a kofin Confederation a 2018, ya ci mata gasar ƙasa a 2019. Da ya dawo gida a 2024, kafin kakar ta ƙare an dakatar da shi, aka miƙa riƙo ga Ahmed Garba Yaro Yaro. Abdu Maikaba ma a Akwa United ya ci kofin ƙalubale na 2017. Abin takaici ne a ce sai a Aba da Uyo ake ba 'ya'yanmu lokacin da za su nuna abin da suka iya.

Masu ɗaya ra'ayin za su kawo Guardiola da Zidane da Stephen Keshi, kuma na yarda tsohon ɗan wasa ya san abin da littafi ba ya koyarwa: yadda ƙafa take nauyi a minti na 80, da yadda ake rarrashin yaron da aka yi wata uku ba a biya shi alawus ba. Ibrahim Musa ma ɗan gida ne, ya ci wa Pillars kofin ƙalubale a Kaduna a 2019. Sai dai Guardiola ya fara ne da ƙaramar ƙungiyar Barcelona a 2007, Zidane ya fara da Castilla, Keshi kuma sai da ya horar da Togo da Mali kafin kofin Afirka na 2013. Kowannensu hawa ya yi mataki-mataki.

Mu matakan ne babu. Ka je kowane fili a garuruwan noman rani, tsakanin Bunkure da Kadawa, bayan la'asar. Za ka tarar da wani ɗan shekara talatin da 'yan kai wanda gwiwa ta hana shi ci gaba, da usur a wuya, da ƙwallo biyu, ɗaya ma an sha ɗinke ta. Yaran suna zuwa daga ban ruwan tumatir ko dashen shinkafa da taɓo a ƙafa, shi kuma daga aljihunsa yake haɗa kuɗin motar zuwa wasa. Atisayen da aka ba shi yana yaro shi yake ba su, zagaye fili sau goma sannan a raba gida biyu, don ba wanda ya taɓa nuna masa wani. Wannan mutumin shi ne kocin farko na kusan duk ɗan wasan da zai kai Pillars, amma makarantar koyon wasanni ta ƙasa tana Legas, kuɗin kwas ɗin lasisin CAF kuma ya fi ƙarfin manomin kadada ɗaya. A Amurka makarantu da jami'o'i ne suke renon koci, ya fara da ƙaramin mataimaki. Mu kuwa gasar makarantun sakandare ta yi sanyi, har a yankin da yake da makaranta mai suna irin Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Kudu.

Sakamakon yana bayyana a sama da ƙasa. Yaro yana zuwa babbar ƙungiya da gudu da yanka, amma bai san inda zai tsaya ba idan ƙwallo ba ta ƙafarsa. Ƙungiyar da ta fitar da Al Ahly a 2009 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Afirka ita ce ta faɗa rukuni na biyu a 2022. Tsohon tauraron da aka gaggauta ɗorawa kuma yana rasa girman da ya tara cikin shekaru goma sha biyar a kaka ɗaya.

Ahmed Musa ya ga yadda ake yi a Mosko da Leicester, kuma yanzu yana da ta cewa. Kuɗin sayen ɗan wasa ɗaya zai iya kai tsofaffin 'yan Pillars da kocinan ƙananan hukumomi da dama kwas. Idan Pele yana son horarwa, a biya masa karatun, a ba shi 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai na kaka biyu ko uku da rubutaccen kwantiragi, sannan a yi maganar babbar ƙungiya.