SAKE INJI DA BWAT GA TSOHUWAR MOTA: RIBA KO HASARA?

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Yamai zai ga ƙananan taksi masu jan kai suna kai da kawowa, da yawansu kuwa Toyota Starlet ne. Kamfanin Toyota na ƙasar Japon ya daina ƙera wannan iri tun 1999. Ke nan mafi ƙuruciya cikinsu ta haura shekara 25, amma har yanzu suna ciyar da iyalai. Dalili shi ne ƙarfen jikinsu yana daɗewa a ƙasa mai ƙarancin ruwan sama, inji ne ke rigan jiki gajiya. In ya gaji, sai mai mota ya nufi garaji a sauke shi, a ɗora wani.

Wannan sana'a ta bunƙasa bayan watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwa, sai aka koma ga tsofaffin motocin Turai da kayan gyaransu, waɗanda ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa na Kotonu da Lome. Injin da aka ciro daga motar da ta yi hatsari a Turai yakan zo da sauran ƙarfinsa. Sai dai ba kowane inji ke shiga kowace mota ba.

Farkon abin lura shi ne zuriyar injin. Starlet ta 1978 zuwa 1984 ƙafafun baya ke tura ta, injinta a miƙe yake, kansa na duban gaba. Daga 1984 aka juya inji a gicciye, ƙafafun gaba suka ɗauki aikin ja. Don haka injin tsohuwar ba ya zama cikin sabuwar. Injunan esansi na bayan 1984 kuwa ƴan gida ɗaya ne: akwai 1E mai lita 1, da 2E mai lita 1,3 da supap 12, da 4E-FE mai lita 1,3 da supap 16, da 5E-FE mai lita 1,5 wanda aka sa ma Tercel da Paseo. Bakinsu yana haɗuwa da akwatin giya ɗaya, wanda masu garaji ke kira bwat. Injin Corolla da ake kira 4A ɗan wani gida ne. Mai son shi sai ya sayi bwat ɗinsa, a yanke mazaunin inji, a yi walda, kuɗin aiki ya ninka.

Ko cikin gida ɗaya akwai bambanci. Yawancin injunan 2E da karbiratar suke shan esansi, famfo ƙarami ya ishe su. Shi 4E-FE fesa mai yake yi, kuma wata ƴar kwamfuta ce ke auna mashi abin da zai sha. Mai sayen shi dole ya karɓo shi tare da kwamfutarsa, da dukan wayoyinsa, da famfon esansi mai ƙarfin turawa. Da yawa sun biya kuɗin inji tsirara, suka dawo gida da murna, motar ta share wata biyu bisa duwatsu ana neman waya guda.

Batun bwat ya fi haka wuya, kuma tsofaffin makanikai suna da darasi a kai daga Renault 4, wadda aka sani da Katrel. Faransa ta fito da ita a 1961, aka ƙera fiye da miliyan 8. Injinta na farko, da wanda aka sa ma samfurin GTL mai lita 1,1 a 1978, ba gefe ɗaya suke juyawa ba. Wanda ya haɗa injin wannan da bwat ɗin wancan, sai ya tarar da mota mai giya huɗu ta baya, guda ɗaya ta gaba. A Starlet ba a gamuwa da wannan, amma akwai bwat mai giya 4, da mai giya 5, da mai canza giya da kanta. Mai giya 5 tana rage shan mai a doguwar hanya, kamar ta Maraɗi zuwa Damagaram. Cikin gari, inda taksi ke tsayawa kowane ɗan taki, ribarta kaɗan ce. Wanda ke son ya bar mai canzawa da kanta ya koma ta hannu, sai ya tanadi ambireyaji, da matakinsa, da sandar giya, ya kuma gwada sandunan da ke kai ƙarfi ga ƙafafu ko sun dace.

Araha ba ta ado. Kafin a biya, a buɗe murfin mai: in an ga farin kumfa kamar nono, ruwa ya shiga mai. A kwance buji a duba: in sun jiƙe da baƙin mai, injin yana cin mai. A sa ma'aunin matsi ga tukwane huɗun, kada ɗaya ya kasa sauran da nisa. A yi yarjejeniya da mai sayarwa gaban shaidu cewa in an tada inji ya yi shuɗin hayaƙi, za a maida mashi abinsa. Tun inji yana ƙasa ya kamata a sake kurwa, watau igiyar roba mai haƙora da ke haɗa saman inji da ƙasansa, a sake famfon ruwa da faifan ambireyaji. Aikin da za a yi a sa'a guda inji na ƙasa, yini yake ci in an riga an ɗora.

Injin da ya saba da sanyin Turai zai tarar da zafin watan Afirilu, wanda ke wuce awo 40, da ƙurar hunturu. Radiyatar da ta toshe tana iya kashe shi cikin mako guda. A wanke ta, a tabbata fankarta na tashi, a riƙa kaɗe matacin iska. In an ƙara ƙarfin inji kuwa, a tuna birki na ƙaramin inji ne. Taksi rayuka yake ɗauka, saboda haka gyaran birki yana cikin lissafi tun farko.

Saura takardu. Kart giriz tana nuna ƙarfin mota da irin man da take sha, kuma bisa ƙarfin nan ake yanka harajin mota na shekara da kuɗin asiransi. Wanda ya ɗora babban inji, ko ya bar esansi ya koma gazuwal, ya kamata ya sanar da ma'aikatar sufuri da kamfanin asiransinsa, don kada ranar hatsari a ce motar da aka rubuta dabam, wadda ke bisa hanya dabam. A kuma karɓi rasiti mai ɗauke da lambar inji, gudun sayen kayan sata.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Tsohuwar mota mai lafiyayyen jiki, in ta samu injin gidansu da makanike mai amana, tana iya ƙara shekaru tana biyan kuɗin hatsi da na makarantar yara. Wadda tsatsa ta cinye ƙashinta kuwa, ko wane inji aka ɗora mata, kuɗin ya tafi.