Dajin Gundumi a Lokacin Kaka

Masu fassara labaran duniya a gidajen rediyo sun saba kiran lokacin da ganyen itatuwa ke rikiɗa a Turai da Amurka da sunan kaka. A can, tun daga watan Satumba har zuwa Nuwamba, magidanci kan kwashi iyalinsa zuwa dazuzzukan kan duwatsu, ba don farauta ko saran itace ba, sai don kawai su kashe kwarkwatar ido da ganyen da ya koma ja da rawaya. Ƙasar Kanada ma irin wannan jan ganye ta sa a tutarta a 1965. Bahaushe in ya ji haka sai abin ya ba shi mamaki, domin shi kaka a wurinsa lokaci ne na girbi da cika rumbu da bukukuwan aure da dambe. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa mu ma dajinmu yana da tasa rikiɗar, kuma za a ɗauki Dajin Gundumi a matsayin misali.

Da farko ya kamata a bambanta dalilan. A Turai sanyi da gajartar yini su ke sa itace ya janye abincinsa daga ganye. Sinadarin da ke sa ganye kore sai ya lalace, launin rawaya da ke ɓoye ya bayyana, wasu itatuwan kuma su ƙara da ja. A ƙasar Hausa kuwa ƙishirwa ce. Da ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai itace ya zubar da ganye don kada ɗan ruwan da ke jikinsa ya ƙare.

Wanda ya taso daga Sakkwato ya nufi gabas zai bi ta Achida, ya isa mararrabar Marnona, daga nan hanyar Isa ta shiga da shi cikin Gundumi. Dajin yana shimfiɗe ne tsakanin ƙasashen Rabah da Goronyo da Isa. Babu manyan duwatsu a wannan yanki irin na Kwatarkwashi, sai tuddai da ƙananan tsaunuka masu shafaffen kai, da marmara a samansu. Amma kada a raina su. A cikin irin waɗannan tsaunuka na gundumar Goronyo aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kada, wadda ta rayu fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, har masana daga Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972. Watau inda muke shuka gero yau, a da can teku ne.

A kan wannan marmara geza ta fi yawa, ita ce kuwa ta fi kowane itace namu kusa da abin da Turawa ke zuwa kallo. Idan kaka ta tsaya, ganyenta kan juye ya koma ja-ja kamar tsatsa, ya daɗe a jikin reshe kafin ya zuba, har mutum ya hango gefen tudu ya zaci an yayyafa masa jar ƙasa. Sabara tana kusa da ita, da ganyenta mai ruwan toka wanda ba ya saurin sallamawa. Marke kan yi rawaya-rawaya sannan ya kaɗe. Kuka ita ba ta da jinkiri, nan da nan take tuɓewa ta bar 'ya'yanta suna reto, shi ya sa mata kan yi hanzarin ɗibar ganyen miya su shanya tun yana nan. Gurjiya sai ta zubar da ganye kaf sannan ta fid da jan fure a tsakiyar ɗari. Aduwa da tsamiya kuwa kusan ba ruwansu da wannan sha'ani.

Gawo shi ne ɗan tawaye. Da damina, lokacin da kowane itace ya yi shar, shi yana tsaye tsirara kamar matacce. Sai kaka ta kama sannan ya tofo. Wannan saɓani nasa alheri ne ga manomi, domin ba ya yi wa gero inuwa, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Da rani makiyayi ya sami abin da zai sassabo wa dabbobinsa. A ganina, da za a zaɓi itace guda a ce shi ne alamar kakar Bahaushe, to gawo ya fi cancanta, ko da yake shi kore yake yi sa'ad da na Turai ke ja.

Game da namun daji, kaka ce lokacin ganinsu, saboda ciyawa ta fara kwantawa kuma ruwa ya taru a 'yan tafkuna kaɗan. Zabin daji da fakara da zomo da dila da gafiya su ne na kullum. Barewa da gada da mugun dawa da kura, waɗanda suka cika tatsuniyoyinmu da kirarin mafarauta, sun yi ƙaranci ƙwarai saboda bindiga da gobarar daji da saran itace don gawayi. Shamuwa, wadda ta zo da albishirin damina, a lokacin nan take yin ban kwana ta nufi kudu, tsuntsayen ruwa daga Turai kuma su sauka a fadamun Gulbin Rima da tafkin madatsar Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984.

Sai dai Gundumi bai taɓa zama wurin shan iska ba, kuma tarihi ya tabbatar da haka. A ƙarni na 19 matafiya daga Katsina da Zamfara suna tsoronsa saboda rashin ruwa da harin Gobirawa. Bature Kilafatan ya ratsa shi a 1824 cikin rakiyar mahaya, a kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Shi ma Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ƙetare shi a 1853, ayarinsu na tafiya dare da rana ba zango, kafin ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya wuce Wurno. Daga baya aka keɓe dajin ya zama gandun gwamnati, aka ratsa shi da hanyar mota, makiyaya da masu itace da masu neman magani suka shiga sabgoginsu.

Wannan kwanciyar hankali ta gushe da 'yan bindiga suka mai da dazuzzukan gabashin Sakkwato mafaka. A watan Yuli na 2018 aka kai hari ƙauyen Tabanni a ƙasar Rabah, aka kashe mutane fiye da 30, a shekarun da suka biyo baya kuma direbobi da yawa suka ƙaurace wa hanyar Marnona zuwa Isa, suka gwammace zagaye ta Goronyo da Sabon Birni. Asarar rai da dukiya ita ce babba, ba mai musu. Amma ga ɗalibin harshe akwai wata ƙarama a gefe: sunayen itatuwa da na sawun dabbobi a daji ake koyonsu, a bayan uba ko kaka, ba a aji ba. Yaron da ya tashi a Achida ko Gandi a waɗannan shekaru yana iya sanin geza a jikin rumbu da marke a buhun gawayi, ba tare da ya taɓa ganin launin ganyensu a watan Nuwamba ba. In ya zo jami'a, sai dai a buɗe masa ƙamus ɗin Bargery na 1934 a nuna masa kalmar.