BIZAR AURE ZUWA AMURKA: GARI YA SHAIDA, SAURA TAKARDA

A ƙofar wani gida na Maraɗi ko Damagaram, bayan sallar safe, an shimfiɗa tabarmi, liman ya zauna tsakiya, waliyyin amarya ya bayar, wakilin ango ya karɓa. An faɗi sadaki kowa na ji, an shafa fatiha, an raba goro da dabino. Shi kuwa ango yana can New York ko Greensboro, inda tsakar dare ne, yana saurare ta wayar da ƙanensa ya ɗaga masa. Ga addini da al'ada, aure ya ɗauru, babu mai ja. Sai dai ranar da amarya za ta nemi bin mijinta, wanda zai yanke hukunci wani jami'i ne da ke zaune bayan gilashi, wanda bai ci goron ba, bai san liman ba, kuma doka ba ta ba shi damar gaskata kome ba sai abin da takarda ta nuna. Tsakanin waccan tabarma da wannan gilashi ne aure da dama ke share shekaru, miji a wata ƙasa, mata a wata.

Tafiya mai zango uku

Matar da ke gida ba ta iya buɗe dosiye da kanta. Miji ne ke farawa daga can, in ya zama ɗan ƙasar Amurka ko yana da katin zaman dindindin. (In mace ce a can, miji a nan, ƙa'idar ɗaya ce.) Yana cika takardar da ake kira I-130, ya aika ma hukumar shige da fice ta USCIS tare da hujjojin aurensa. Wannan zango kaɗai yakan ci shekara guda ko fiye. Matar ɗan ƙasa ba ta cikin ƙidayar bizar da ake rabawa kowace shekara. Matar mai katin zama kuwa tana cikin rukunin F2A mai iyaka, don haka akwai layi na dabam da za ta bi.

In an amince, dosiye ya wuce cibiyar biza ta ƙasa, NVC, a garin Portsmouth na jihar New Hampshire. A nan ne matar ke cika takardar DS-260 ta intanet, a tura hoton kowace takarda. Sai cibiyar ta ga kome ya cika sannan ta sa ranar ganawa a ofishin jakadanci, wanda shi ne zango na uku. A shekarar 2025, kuɗɗin hukuma sun kasance dalar Amurka 675 na I-130 in a takarda aka cika, 325 na biza, 120 na binciken takardar ɗaukar nauyi, da 235 na katin zama. Jimilla 1,355 ke nan, wato sama da jikka 700 na CFA, ban da kuɗɗin likita, da fassara, da mota, da jirgi.

Inda takardun gida ke tuntuɓe

Abin da ake buƙata daga matar, in an lissafa, ba shi da yawa: fasfo mai sauran kwana, foto biyu, takardar haihuwa, takardar aure, da takardar gidan shari'a mai nuna ba a taɓa ɗaure ta ba, wato casier judiciaire. Ita wannan ta ƙarshe ana neman ta ga duk wanda ya kai shekara 16, daga ƙasarsa, da kuma daga duk wata ƙasar da ya zauna shekara guda. Wadda ta yi karatu a Kano ko ta yi zaman Kwatano, sai ta nemo ta can ma. Duk abin da za a miƙa ma USCIS da Faransanci kuwa, sai an haɗa shi da fassarar Ingilishi mai sa hannun wanda ya fassara.

Wahalar tana wajen daidaituwar takardun. Mutane da yawa a Nijar ba a rubuta su ranar haihuwa ba. Sai da za a sa su lakkol ko za su yi jarrabawa aka nemo musu hukuncin alƙali, jugement supplétif, wani lokaci da shekarun da aka rage don yaro ya samu shiga aji. Masu « né vers » kuma an tattara su an ba su 1 ga Janairu. Ga kuma rubutun suna: mutum ɗaya ya zama Mahamadou a takardar haihuwa, Mamane a ta lakkol, Mohamed a fasfo. A unguwa kowa ya san mutum guda ne. A idon ma'aikacin Portsmouth, mutum uku ne, kuma kowane saɓani na iya maido da dosiye baya da watanni.

Takardar aure ma haka take. Dokar rajistar jama'a ta Nijar ta 2019 ta ba da kwana 60 a kai labarin aure meri. Wanda ya bari lokacin ya wuce, sai ya bi ta wajen alƙali. Takardar da aka yi shekara biyar bayan biki, mako biyu kafin a buɗe dosiye, ba haramun ba ce, amma tana jawo tambaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wakili, saki da kishiya

Abubuwa uku da al'ada ta ɗauka ba kome ba ne, dokar Amurka ta tsaya a kansu. Na farko shi ne aure ta wakili. Dokar shige da fice ta ce auren da aka ɗaura ba tare da ango da amarya suna wuri ɗaya ba, ba ya zama aure a wajenta sai in sun tare bayan ɗaurin. Ke nan mijin da aka ɗaura ma aure yana can, wajibi ne ya zo, ya kuma adana abin da ke nuna ya zo: hatimin filin jirgi a fasfo, tikiti, hotunan da suka ɗauka tare, ko takardar haihuwar ɗan da suka samu. Wanda ya buɗe dosiye kafin wannan zuwan, ya yi asarar kuɗɗinsa.

Na biyu shi ne saki. Duk wanda ya taɓa aure cikin su biyun, sai ya kawo hujjar hukuma cewa wancan auren ya ƙare kafin a ɗaura wannan. Sakin baki, ko ƴar takardar da miji ya rubuta ya ba yaro ya kai, ba su wadatar ba sai an kai maganar gaban alƙali ya tabbatar da ita. Wadda mijinta ya rasu, takardar mutuwa za ta kawo.

Na uku shi ne kishiya. Amurka mata ɗaya ta sani, kuma ta farko ce matuƙar aurenta na nan. Dokarta ta hana biza ga mai niyyar zuwa ya yi zaman mata biyu. Magidancin da ya ɓoye uwargida don ya ɗauki amarya yakan manta cewa sunan uwargidan na nan cikin takardun da ya cika da hannunsa shekarun baya, ko a takardun haihuwar ƴaƴansa.

Aljihun miji

Tun dokar 1996, miji na sa hannu a takardar I-864, wadda alkawari ne tsakaninsa da gwamnati cewa matarsa ba za ta zama kaya a wuyan hukuma ba. Wajibi ne abin da yake samu ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na ƙasar. A 2025, ga gida mai mutum biyu, ya ɗan haura dala 26,000 a shekara. Ba a karɓar maganar baki, takardun haraji ake dubawa. A nan ne direban tasi ko mai sayar da kaya a bakin titi, wanda ya saba rage abin da yake faɗa ma masu haraji, ke gane ya yi ma kansa. In nasa bai kai ba, yana iya neman wani ya tsaya masa, amma shi ma mai tsayawar ya sani nauyin ba ya sauka sai matar ta zama ƴar ƙasa, ko ta yi aiki na kimanin shekara 10, ko ta bar ƙasar ɗungum, ko mutuwa ta raba. Ko saki ba ya sauke shi.

Ranar ganawa

Kafin randebu, matar na zuwa wajen likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi, shi kaɗai, a duba tarin fuka da wasu cututtuka, a cika allurar rigakafi. Tun Janairun 2010 aka cire cutar sida daga cikin masu hana biza.

Ranar ganawa tana zuwa da takardu na asali, a ɗauki zanen yatsunta, ta ɗaga hannu ta rantse za ta faɗi gaskiya. Ba dole ba ne miji ya halarta. Ganawar kanta sau da yawa mintoci ne, tambayoyin kuma na zaman gida ne: yaya suka haɗu, wane gari yake, wace sana'a yake yi, yaushe rabon su da ganin juna, ƴaƴansa nawa. Auren haɗi da iyaye suka shirya ba laifi ba ne. Wadda aka haɗa ta ce haɗi ne, ya fi mata ta ƙago labarin soyayyar da ba a yi ba. Akwai ma wani tarko da tarbiyya ke ɗanawa: ɗiyar da aka koya ma cewa faɗin sunan miji rashin kunya ne, kallon babba a ido kuma rashin ladabi, tana iya sunkuyar da kai ta yi shiru, jami'i ya zaci ba ta san mutumin ba. Iyaye su gaya mata tun daga gida cewa a wannan wuri babu laifi ta faɗi sunan, cikakke.

In wani abu ya rage, ana ba ta takarda mai lamba 221(g), tana da shekara guda ta kawo abin da aka nema. Ƙarya kuwa hukuncinta dabam ne: wanda aka kama da takardar jabu ko amsar yaudara, an hana shi biza har iyakar ransa, sai in an yi masa afuwa ta musamman. Auren bogi don neman katin zama, dokar 1986 ta yanke masa ɗaurin da ke iya kai shekara 5 da tarar dala 250,000. Ita ce kuma dokar da ta sa in aure bai kai shekara 2 ba ranar shiga ƙasar, katin wucin gadi na shekara 2 ake bayarwa, ma'auratan su nemi a mai da shi na dindindin cikin kwana 90 na ƙarshe. Ƙarar jami'in biza kuma da wuya ta yi amfani: a watan Yuni 2024, a shari'ar Sandra Muñoz, wadda aka hana mijinta ɗan El Salvador biza, kotun ƙoli ta yanke cewa tsarin mulki bai ba ɗan ƙasa haƙƙin a shigo masa da abokin aurensa ba.

Ƙofar da aka rufe

A kan duk wannan sai ga siyasa. A watan Yuli 2025 ofishin jakadancin Amurka na Yamai ya dakatar da ba da biza. Ranar 16 ga Disamba 2025 shugaba Donald Trump ya sa hannu a wata sanarwa da ta saka Nijar, Mali da Burkina Faso cikin ƙasashen da aka hana ƴaƴansu shiga daga 1 ga Janairu 2026, ta kuma janye sassaucin da sanarwar Yuni 2025 ta yi ma matan ƴan ƙasa da ƴaƴansu. Iyalan da suka biya kome, suka cika kome, suka wayi gari dosiyensu ya tsaya a bakin ƙofa.

Irin wannan ƙofa ta taɓa rufewa ta buɗe. An sa Cadi a jeri a Satumba 2017, aka cire ta a Afrilu 2018. An hana ƴan Najeriya bizar zama a farkon 2020, aka ɗage a Janairu 2021. Waɗanda suka fara cin moriya ranar da aka buɗe, su ne masu takardu a hannu. Lokacin rufewa kuwa shi ne kakar ƴan damfara, masu cewa suna da hanya a ambasad in an ba da jikka kaza. Babu dillalin da ke sayar da abin da shugaban ƙasa ya hana, kuma takardar jabu guda ta isa ta rufe ƙofar har bayan an buɗe ma kowa.

Abin da ke hannun iyali shi ne aikin da ba ya buƙatar izinin wata ƙasa: a kai aure meri cikin lokacinsa, a gyara suna ya zama ɗaya a kowace takarda, a tabbatar da tsohon saki gaban alƙali, a rubuta jariri tun yana cikin zanen goyo, miji ya riƙa zuwa yana ajiye shaidar zuwansa. Ko ba a je Amurka ba, ranar rabon gado ko ranar sa yaro lakkol, waɗannan takardun ne dai za a tambayi matar.